Ni da tukunyar Baffa

Har yau gwiwata ta hagu tsami take yi, kuma Baffa ne sila. Kun san shi da motar nan tasa, Mustang. Daren Juma'a ya ja ni filin tsere a bayan garin Houston, wai aikina ɗaya: in tsaya bakin but in sa ido kan agogon tukunyar naitiros, wato iskar da ake fesa wa injin don ƙara masa ƙarfi, in allura ta kusa 950 psi (ma'aunin matsin iska) in gaya masa.

Disamba ce, sanyi wajen digiri 10, allura tana kwance kusa da 600 kamar ta sha maganin mura. Naitiros ɗin da ke cikin tukunyar ruwa-ruwa yake, ɗumin jikinta ke turo shi, sai ta kai wajen digiri 30 ake samun yadda ake so. In matsin ya yi ƙasa fetur ya rinjayi iska, mota ta yi ta kakari. In ya wuce kima fetur ya gaza, fistan ya narke. Akwai bargon lantarki da ake naɗe ta da shi, to fiyus ɗinsa ya ƙone. Na ce ai na ga abin hura wuta a akwatin kayan aiki, a ɗan gasa mata gindi.

"Kai, so kake a kai mu Kano a leda?" in ji Baffa.

Ƙarshe ruwan fulas ɗin shayina aka juye a tawul. Rabina a but, na rungume tukunya mai cin laba 10 ina gasa ta kamar ungozoma da mai jego.

Da ƙyar ta hau 900. Na zagayo gaba da murnata, na sunkuya daidai gilashi zan yi albishir. Ashe akwai maɓallin da ake dannawa a fesar da iskar da ta taru a bututu, don ruwan ya iso bakin injin. Bututun fesawar nan gindin gilashin yake, kuma ba wanda ya gaya mini. Sai ji na yi faaash, farin hayaƙi ya tashi sama ta gefen kunnena, da wani wari kamar an ƙyasta ashana.

Jama'a, ban san ina da gudu ba sai ranar. Na kurma salati da ƙarfin da ban taɓa yi ba, na tsallake akwatin kayan wani, takalmi ɗaya ya yi gabas, hula ta yi yamma. Na faɗi rub da ciki, na rufe ƙeya da hannu biyu ina jiran ƙarar fashewa. Shiru. Na ƙirga har goma. Na ɗago ido ɗaya, sai ga motar da ke gefenmu ita ma ta yi faaash, har sau biyu, wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba tana tafi. Na mayar da kai ƙasa, don a lokacin tashi ya fi kwanciya kunya.

Amma wanda ya fi ƙona min rai wani dattijo ne mai gemu, zaune a kujerar naɗewa yana cin gyaɗa. Bai yi dariya ba, da ya yi da na huta. Tasowa ya yi a nitse, ya ɗauko takalmina, ya kakkaɓe, ya ajiye a gabana, ya koma ya ci gaba da gyaɗarsa. Daga nan duk motar da za ta fesa sai ya ɗaga min yatsa, wai in shirya. Har muka bar wurin bai fasa ko sau ɗaya ba. Mutum da furfurarsa!

Kafin Baffa ya gama dariya tawul ya huce, allura ta koma 800, wata tsohuwar Camaro ta ba shi ƙura. A hanya cewa yake laifina ne. Shayi dai ban sha ba, hular ma ina jin tana wajen dattijon.