Wanki na kai agogon Baba, ba sauya fuska ba

Kwana uku ke nan raina bai huce ba. Agogon mahaifina, Allah ya jiƙansa, Seiko 5 ne mai wani da kansa, wanda ya sayo a Makka a aikin hajjin 1979. Ranakun da ke cikin 'yar tagarsa da Larabci suke fitowa, a jikinsa na fara gane kalmar Juma'a da Sabat tun ina makarantar allo. Ya tsaya, gilashin ya karce, sai na kai wa wani mai gyara a Tsohuwar Kasuwa. Abu biyu na ce masa: ya wanke inji ya sa mai, ya sauya gilashi.

Ranar da na koma, ya miƙo mini abu yana ƙyalli kamar sabon kwano. Fuskar da na sani, wadda zafin Sakkwato na shekara arba'in da ɗoriya ya mai da ita ruwan zuma, babu ita. Na ce, "Malam, mi kay yi ma agogon ga?" Ya ce, "Alhaji, tsohuwar ta mutu, sabuwa ta kamfani nis sa maka." Har yana jiran godiya.

Ta kamfani? Tsohon Seiko ba ya ɓoye asalinsa. A marfin baya akwai lambobi huɗu, ɗan layi, sannan wasu huɗu. Na farkon lambar inji ce, na Baba 6309 ne. Wannan lamba ita ake sake bugawa da ƙananan haruffa a gindin fuska, ƙarƙashin ƙarfe shida, kusa da kalmar JAPAN, kuma dole su yi daidai. Na ari gilashin idonsa na duba: 7009 aka rubuta, wani inji ne daban. Akwai kuma doguwar lamba a marfin, wadda ta farko ke nuna lambar ƙarshe ta shekarar da aka ƙera agogon, ta biyu wata. Tasa ta fara da 9 da 3, wato Maris 1979, ba 1969 ba, domin injin 6309 sai 1976 ya fito. Wannan marfi da fuskar asali shaidu biyu ne masu gaskata juna, ya kashe mini ɗaya.

Ko ba lamba ma, ido ya isa. Sunan SEIKO a tsohuwar fuskar ƙarfe ne aka dasa, yana da tudu. Wannan fenti ne, haruffan sun yi kauri, sun karkace. Irin fuskokin nan ne da ake fentawa a Indiya a liƙa wa tsofaffin injuna. Da na matsa masa ya buɗe, sai na ga abin da ya fi ƙona mini rai. Kowace fuska tana da 'yan ƙafafu biyu a baya masu shiga ramin inji. Na wannan ba su dace da ramin ba, sai ya guntule su ya ɗiga gam. Gam a kan injin da ya kai shekarun ɗan fari na gidanmu yana aiki!

Daga baya yaron shagonsa ya gaya mini gaskiya: da fetur ya goge tsohuwar, rubutun ya narke, shi ya sa ya rufe ɓarnar. Tsohuwar fuska ba a sa mata fetur, ba a sa mata ruwa, iyakarta a hure ƙura a hankali. Tabon tsufa ba dauɗa ba ne, masu sayen tsofaffin agogo ma shi suke biya, wanda aka fenta kuwa darajarsa zubewa take. Ni ba sayarwa zan yi ba, amma fuskar nan ce Baba yake dubawa kafin ya tashe mu Asuba. In kuskure ne, mutum ake yi wa. Me ya hana shi kirana, alhali lambata na rubuce a takardarsa?

Na ce ya ba ni tsohuwar ko da ta lalace. Ya ce sai ya duba cikin gwangwanin tarkace. Na ba shi zuwa Asabar. In bai fito da ita ba, wurin shugaban masu gyaran kasuwar za mu, kuma ba zan biya ko sisi na wannan fentin ba.