Ranar da Kwamfuta ta Raɗa Mini Suna Ba Rago

Albashi ya shigo ranar Talata, na je wajen mai POS na bakin layinmu na miƙa kati da ƙarfin gwiwar wanda ya riga ya yi wa mai shago da uwargida alƙawari. Inji ya yi ƙara ya tofo takarda. Aka sake, ya sake tofowa. Yaron ya ce, "Baba, sai dai ka je banki, an sa wa asusunka takunkumi."

Washegari tun ƙarfe bakwai ina kan layi. Da ƙyar na isa gaban wani saurayi ɗan gayu, an rataya masa suna a ƙirji: Sadiq. Ya danna kwamfuta, ya dube ni, ya sake duban kwamfuta.

"Alhaji, ai mutum biyu ne a nan. Lambar banki, BVN, ta ce Umar Abubakar, lambar ɗan ƙasa, NIN, ta ce Sanda Garba. Wanne ne kai?"

Na ce duka ni ne. Na gyara zama na fara ba shi karatu kyauta. Na ce ɗana, duk Umaru Sanda ne, duk Abubakar Garba ne, kamar yadda Usman yake Shehu, Yusufu kuma Maitama. Marigayi Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, sunansa na yanka Yusuf. Shehu Shagari da ya mulki ƙasar nan daga 1979 zuwa 1983, Usman ne, Shagari kuwa garinsu ne can a jihar Sakkwato, kamar yadda Tafawa Ɓalewa yake gari a Bauchi. Shin su an taɓa rufe musu asusu?

Ya ce shi dai bai sani ba.

Na ce, "To kai Sadiq, mene ne sunanka na yanka?"

"Abubakar."

"Ka gani! Kai ma Garba ne. Sunan mahaifina gare ka. Babana, taimaki ɗanka."

Ya yi dariya, har na sa rai an gama. Sai ya sunkuyo ya rage murya, ya ce shi ya gane, amma kwamfuta ba ta san laƙabi ba. Kuma ma ba wannan ce babbar matsalar ba, in duba suna na uku. Ya juyo mini da allon.

Kafin in faɗi abin da na gani, sai na koma baya kaɗan. Ni mutum ne mai arzikin sunaye. Ranar suna, liman ya raɗa mini Umaru, sunan kakana na wajen uba. Saboda haka mahaifiyata ba ta taɓa furta shi ba, ina za ta kama sunan surukinta? Baba take ce mini, har yau da nake da furfura. Goggona Tanko take kirana, don mata uku na biyo. Da ni mace ce da ta biyo maza, da yanzu Kande nake ko Delu. A makarantar allo Ɗanlami ne, tunda ranar Alhamis na faɗo, muna zaune tabarma ɗaya da Ɗanladi da Ɗanjuma da Balarabe, saura kaɗan mu cika mako. Abokan ƙwallo suka ce Sanda. Da aka kai ni firamare, hedimasta ya tarar da Umaru Garba har uku a aji ɗaya, sai ya tambayi yadda ake kiran kakana, aka ce Barau. Daga ranar na samu abin da fom ɗin Bature yake kira sunan iyali, abin da ba mu taɓa sanin muna buƙata ba.

Na kuma riƙe Barau ɗin nan da alfahari. A wajen aiki nakan bari mutane su yi zaton muna da dangantaka da Sarki Sulaimanu Barau, wanda garin Suleja ya samo suna daga gare shi. Ban taɓa cewa e ba, ban kuma taɓa cewa a'a ba, murmushi kawai nake yi irin na jinin sarauta.

To abin da ke kan allon nan shi ne: SANDA GARBA BARAWO.

Nan take na tuna ranar rajistar NIN. Rumfa ce a bakin titi, janareta na ta ruri, yaron da ke bugawa ya ce "Suna?" na faɗa da ƙarfi, ya buga abin da kunnensa ya ji. Ya ba ni takarda, na kai aka liƙe ta da leda, na jefa a aljihu. Shekara uku ina yawo da shaidar gwamnati cewa ni ɓarawo ne, da hotona a kai, ban taɓa karantawa ba. Matar da ke bayana a layi ta leƙo ta kafaɗata, ta karanta, ta mayar da jakarta gaba.

Aka ce sai na kawo takardar rantsuwa daga kotu da sanarwa a jarida. A kotun, magatakarda mutum ne mai son a ji muryarsa. Ya ɗaga takarda ya karanta wa duk wanda ke baranda: "Ni, wanda a da aka sani da Barawo..." Wani tsoho da ke jiran shari'ar gona ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla, Allah Ya karɓi tuba."

Da yamma na wuce gida don in ji asalin sunan da ya jawo mini wannan. Na tambayi Inna, ta ja mayafi ta ce in je in tambayi goggona, ita ba ta shiga maganar mutanen gidan nan. Goggo kuwa ta ajiye carbi ta yi dariya har da tari. Ta ce wane sarki? Kakar mahaifinka wabi ta yi ta yi, ta haifi huɗu duk suna komawa. Da na biyar ya zo ya zauna, sai aka ce wannan an bar mana shi, Barau ke nan. Ta ce in gode wa Allah ma, don wata ta so a ce masa Ajuji, a nuna kamar an yar da shi a juji ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Na yi shiru ina auna "Umar Abubakar Ajuji" a jikin ƙofar ofis, na ga lallai an yi mini sauƙi.

Bayan mako biyar aka gyara, asusu ya buɗe. Kuskuren da na yi shi ne ba wa 'yan majalisarmu ta mai shayi labari. Bahaushe da laƙabi, ai kamar ƙuda da miki.

Ranar Asabar ina tsakiyar kasuwar Sabon Gari ina cinikin takalman yara, wani abokina ya hango ni daga nesa. Don tsabar murna ya ɗaga hannu, ya nuna ni, ya buɗe maƙogwaro: "Ɓarawo! Kai Ɓarawo!"

Na ga mai takalma ya miƙe. Na ga wani ɗan dako ya sauke kaya yana neman itace. Na buɗe baki in yi musu bayanin wabi da janareta, sai na ga ba masu sauraron tarihi ba ne. Takalmina ƙafa ɗaya har yau yana can.