Sallah Ta Wuce Ta Bar Wawa da Haya

Duk wanda ya taɓa shiga Kantin Kwari a goman ƙarshe na azumi ya san yadda wurin yake komawa. Babu masaka tsinke. 'Yan dako na ta "hanya, hanya" da dila a ka, masu shago sun baje shadda da atamfa da leshi har bakin layi. A cikin wannan turmutsitsin za ka ga saurayi, leɓensa ya bushe da azumi, ya dage yana cinikin gezna da kuɗin da ya shafe wata huɗu yana tarawa. In ka bi shi inda yake kwana, shago ne a ƙofar gidan mahaifinsa, ko ciki da falo na haya a Ɗorayi wanda saura wata biyu kuɗin ya ƙare. Da kai nake, ƙanena, kuma ba da gadara nake faɗa ba, don ni ma na yi irin taka har ma na fi ka.

Kusan shekara goma ke nan, wani dattijon dillali abokin kawuna ya goya ni a babur muka bi titin Gwarzo, muka wuce sabuwar Jami'ar Bayero, muka saki kwalta. Gona ce aka yanka fuloti-fuloti, ko karan dawar ba a gama kwashewa ba. Ya tsaya a kan wani mai ƙafa 50 da 50, ya buga ƙasa da takalminsa ya ce, "Ɗana, kama wannan. Ko rabi ka kawo, ragowar ma yi magana bayan sallah." Na waiga gabas da yamma, ban ga komai ba sai wata tsamiya da awaki. Na yi dariya na ce, "Baba, nan ai sai aljanu." Bai ce min komai ba, ya tada babur.

A satin na kwashi adashi. Shadda kala uku, hula, takalmi, sabuwar waya, sai toshin sallah na kece raini ga wata yarinya wadda yanzu 'ya'yanta huɗu a gidan wani. Kafin hawan Nasarawa aljihuna ya koma yadda yake. Bara aka gayyace ni suna a wannan yankin, sai da na yi tambaya sau biyu kafin na gane wurin. Ga Islamiyya, ga kemis, ga mai cajin waya, ga masallacin da ake cika sahu uku. Tsamiyar ce kawai ta shaida min ban ɓata ba. Na tambayi kuɗin fili a layin, da aka gaya min sai na ce Allah ya sa albarka, na nemi takalmina.

Kano gudu take yi, mu kuma muna tsaye gaban madubi. Iyayenmu sun ga lokacin da Hotoro da Naibawa da Kurna da Rijiyar Lemo suke bayan gari, ana yi wa wanda ya tare a can jaje. Mu muka ga na Rijiyar Zaki da Ɗanbare da Mariri da Jaba. Yanzu mai ƙaramin ƙarfi in yana neman inda zai kafa tubali, sai ya nausa cikin Ungogo ko Kumbotso, ko ya doshi Gezawa da Dawakin Kudu da Tofa. Mutane ƙaruwa suke, ƙasa kuwa ba ta haihuwa. Ga masu kuɗi da suka daina yarda da Naira, duk abin da suka samu sai su binne shi a fili su zagaye da katanga su manta. Da su kake takara, kai mai jiran albashi ko cinikin yini.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, kayan gini suka yi tashin gwauron zabo. Simintin da ake saya ƙasa da Naira 5,000 a farkon 2023 ya haura 10,000 a farkon 2024. Rodi ya bi, kwano ya bi, tifar yashi ta bi tunda da mai take tafiya. Mafi ƙarancin albashi a Kano Naira 71,000 ne. Ka yi lissafi da kanka: ma'aikaci in ya ɗauki albashinsa kacokan, bai ci ba bai sha ba, buhun siminti wajen bakwai zai ɗauko. Don haka ba na cewa shaddar sallah ce kaɗai ta hana mu gida. Wanda ya gaya maka haka bai yi maka adalci ba. Amma farashin siminti ba a hannunka yake ba, kala nawa za ka ɗinka kuwa kai ne mai yankewa.

Kuma kada wani ya ce na zo hana sallah. A yi wa yara ɗinki, wannan hakkinsu ne, yaro ba ya gane tsadar rayuwa ranar da sa'o'insa suka fito fes. A fitar da zakkar fidda kai, a dafa abinci mai kyau, a kai wa Hajiya nata. Abin da malamai suka koya mana shi ne mutum ya sa mafi kyawun tufar da yake da ita ranar idi, ba su ce sai sabuwa ba, balle kala uku. Layya ma a kan mai hali take. Amma mu sai mu ci bashi mu ɗaure rago a ƙofar gidan haya, don kada maƙwabta su ce bana wane bai yanka ba. Maƙwabtan nan, ranar da mai gida ya aiko maka da notis, cikinsu babu mai ara maka ko zaure.

Sau biyu ake sallah a shekara. Ka zauna da biro da takarda ka rubuta abin da ka kashe a ƙarama da babba ta bara, har kuɗin tela da na anko da na yawon sallah, sannan ka je gidan bulo mafi kusa ka tambayi kuɗin guda ɗari. Ni da na yi, kwana na yi ban yi barci ba.

Sai dai in ka tashi saye, kada zumuɗi ya kai ka ya baro. An ƙona mutane da yawa a harkar fili, wasu ma sun fi mai shadda asara. Yawancin abin da ƙarfinmu yake kaiwa awon igiya ne, ba awon gwamnati ba, kuma takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu ba ita ce shaidar mallaka ba. Dokar filaye ta 1978 a hannun gwamna ta damƙa ƙasar jiha, ko ka so ko ka ƙi. Ka bincika a ma'aikatar ƙasa ko wurin yana cikin wani shiri na hukuma, ko an shata hanya ta kansa. Abin da ya faru a Rimin Zakara a farkon 2025, inda taƙaddamar fili da Jami'ar Bayero ta kai ga rusau har aka rasa rayuka, ya isa mai hankali ya yi taka-tsantsan. In gonar gado ce, ka tabbata duk magada sun yarda, har matan da ke gidajen aure, don su ne ake yawan tsallakewa, kuma su ne za su kai ka kotu bayan ka kai linta. Ka tambayi masu maƙwabtaka da filin ko an taɓa sayar wa wani. Dillali la'adarsa yake nema, ba shi zai kwana a ciki ba.

Abu ɗaya da dattijon nan abokin kawuna ya koya min daga baya: kada ka sayi fili da rani. Ka bari sai Agusta, ranar da aka kwana ana ruwa, ka je ka gani da idonka. Filaye da yawa kududdufi ne aka cike da shara aka baje jar ƙasa a kai.

Zaman bayan gari ma ba kyauta ba ne. Kuɗin adaidaita sahu kullum zuwa kasuwa da dawowa, ruwan 'yan garuwa, karo-karon sayen turakun wuta da taransifoma, makarantar yara mai nisa. Duk ka sa su a lissafi. Amma wahalar da kake sha a cikin naka daban take da wadda kake sha kana gina wa wani.

Akwai wani mai gyaran waya a layinmu, shekara huɗu ina ganinsa da shadda ɗaya ruwan toka ranar idi. Yakan kai ta a wanke a sa mata sitati a buga, ta fito tana ƙyalli. Abokai har tsokanarsa suke, wai shaddar ta haddace huɗuba. Duk sallah kuɗin ɗinkinsa gidan bulo yake kaiwa, wani lokaci ɗari, wani lokaci ɗari biyu, ya jibge a filinsa can wajen Gezawa. Watan jiya ya roƙe ni na raka shi cinikin kwanon rufi. Ɗaki biyu ne da banɗaki, ko filasta babu, tagogin ma buhu ya ce zai fara sawa.

Ni kuwa rana ta uku da sallar da ta wuce, ina zaune da baƙi, yaron mai gidanmu ya yi sallama. Na fita da fara'a, na ɗauka barka da sallah ya zo karɓa. Ya durƙusa ya gaishe ni ya ce, "Yaya, Alhaji ya ce a gaya maka an yi ƙari, in ba za ka iya ba akwai mai so." Na ce to, a gaishe da Alhaji. Na koma ciki, sabuwar shaddata tana rataye a ƙusa bayan ƙofa, ko karin gugar bai baje ba.