Ken Wyatt bai ci amanar kowa ba

A siyasar Ostireliya akwai mutumin da ake yi wa zargi daga ɓangare biyu, kuma ni dai a ganina duka ɓangarorin ba su yi masa adalci ba. Ken Wyatt nake nufi. Wasu cikin 'yan uwansa Aborijin, 'yan asalin ƙasar, suna ganin ya daɗe yana zaune a gwamnatin da ta ƙi biya musu babbar buƙatarsu, wato a sa majalisar ba da shawara tasu cikin kundin tsarin mulki. Wasu a tsohuwar jam'iyyarsa ta Liberal kuma suna ganin ya juya musu baya.

A fara duba inda ya fito. Mahaifiyarsa tana cikin yaran da hukuma ta riƙa raba su da iyayensu da ƙarfin tsiya, don kawai 'yan Aborijin ne, a gidan mishan na Roelands da ke Yammacin Ostireliya ta tashi. Shi kuwa malamin firamare ne, daga baya ya yi aikin gwamnati a fannin ilimi da lafiya. A 2010 ya ci kujerar mazaɓar Hasluck da ƙyar, ya zama ɗan Aborijin na farko da ya shiga majalisar wakilai ta tarayya. Bai gama murna ba wasiƙun zagi na wariyar launin fata suka fara zuwa ofishinsa.

Ranar jawabinsa na farko a majalisa, ya miƙe da mayafin fatar kangaru a kafaɗa, wanda dattawan ƙabilarsa ta Noongar suka ba shi. A gaban 'yan jam'iyyarsa ya gode wa Kevin Rudd, tsohon firaminista ɗan jam'iyyar Labor, saboda gafarar da ya nema a madadin ƙasa a 2008 kan yaran nan da aka kwashe. Wanda ya iya yi wa abokin hamayya godiya tun ranar farko, ai ba jam'iyya ce ta kawo shi siyasa ba.

A 2017 ya zama ministan kula da tsofaffi da lafiyar 'yan asalin ƙasa, a 2019 kuma Firaminista Scott Morrison ya naɗa shi ministan harkokin 'yan asalin ƙasa, karon farko da ɗan Aborijin ya riƙe wannan kujera.

To, me zaman ya tsinana? A 2020 an sa hannu kan sabuwar yarjejeniyar cike giɓin da ke tsakanin 'yan asalin ƙasa da sauran jama'a a lafiya da ilimi da yawan ɗauri, kuma a wannan karon da ƙungiyoyin Aborijin aka zauna aka rubuta ta, ba a ofis aka tsara aka miƙa musu ba. A farkon 2022 gwamnati ta sayi haƙƙin mallakar tutar Aborijin, kan kusan dalar Ostireliya miliyan 20. Kafin nan, sai ka ga ƙungiyar Aborijin ta buga tutar mutanenta a riga, kamfani mai lasisi ya aiko mata da takardar gargaɗi. Wanda ke waje yana ihu ba zai iya warware irin wannan ba. Na yarda bai samu komai da komai ba: Morrison bai taɓa amincewa a sa majalisar ba da shawara ta 'yan asalin ƙasa cikin kundin tsarin mulki ba, Wyatt kuma ya haƙura ya ci gaba da aiki.

Ya faɗi zaɓe a 2022. A Afrilun 2023 Peter Dutton, shugaban Liberal na lokacin, ya sanar cewa Liberal za ta yaƙi shirin kafa majalisar nan a ƙuri'ar raba-gardama, nan take Wyatt ya ajiye katin jam'iyya. Masu cewa ai don ya rasa kujera ne ya samu bakin magana, su faɗa mini abin da ya samu da fitar. Shekarunsa 70 a lokacin, bai koma wata jam'iyya ba, bai nemi takara ba. Ya fita ne washegarin ranar da jam'iyyar ta tashi daga jan ƙafa ta koma yaƙi da abin da ya yi shekaru yana nema a cikin gida.

Ranar 14 ga Oktoban 2023 kusan kashi 60 cikin ɗari na masu zaɓe suka ce a'a, jihohi shida duka suka ƙi. Sakamakon ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma har yau ban ji wata hujja daga ɓangaren Dutton da ta gamsar da ni cewa majalisar da shawara kawai za ta bayar abin tsoro ce ba.