Kafin ka sa wa gidan hayarka kuɗi

Zancen da ake ta yi a majalisun Zariya shi ne gidan haya ya daina biya, gara a sayar a juya kuɗin. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A ce kana da gida mai ɗaki goma a Samaru ko Hayin Dogo, dillalai sun taya miliyan 40, amma hayar shekara ba ta wuce miliyan 2 ba. A cikinta za ka gyara rufi, ka kwashe masai, ka yi fenti. In ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ne 'yan hayarka, ka san abin da ya faru a 2022, da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ya ɗauko daga Fabrairu har Oktoba, Samaru ta yi tsit.

Duk da haka ni ina ganin ganganci ne mutum ya sayar ya riƙe kuɗi a hannu. Ribar gida ba a haya kaɗai take ba, tana cikin ƙasar da yake kai. A farkon 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, a 2024 ta haye 1,500. Wanda ya sayar a farkon 2023 ya tsaya shawara, yau kuɗin ba za su gina masa rabin gidan ba, ku duba siminti da rodi. Kuma kuɗi na shiga hannu, biki da rashin lafiya da buƙatun dangi za su fara gutsurar su. Waɗanda suka zuba nasu a ajiyar masara kuwa sun ji jiki da farashi ya faɗi a 2025.

Jinginar da gida a banki ta fi tayar min da hankali. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5, bankuna kuma su ɗora nasu a kai. Gidan da ke kawo kashi 5, ina zai biya bashi mai ruwa wajen kashi 30? Wace sana'a ce za ta cike wannan giɓi? Ga haramcin riba, wanda shi kaɗai ya isa hujja. Banki ma ba ya kallon takardar cinikin mai unguwa, sai shaidar mallaka daga KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, sannan dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna. Bankunan Musulunci na Jaiz da TAJ suna da murabaha (banki ya saya ya sayar maka da riba) da ijara (banki ya ba ka haya), babu ruwa a ciki, amma biyan wata-wata yana nan, kuma in ka gaza gidan ne a gaba.

In har sai an sayar, 'yan uwa, a fara ƙulla cinikin abin da zai maye gurbinsa: shaguna a Sabon Gari, ko fuloti mai takarda a hanyar Shika. A cire la'adar dillali da kuɗin takardu a lissafi tun farko. Gidan gado kuwa, kada a yi maganar farashi sai kowane magaji, har mata, ya zauna ya amince.