Ban ƙi a kashe kuɗin ba, amma a tuna da waɗanda aka zalunta

Na ga labarin ware kuɗi don karɓar 'yan Boko Haram masu miƙa wuya. Ni dai ban ƙi ba. Tun 2016 da aka fara shirin gwamnatin tarayya na gyara halin tubabbu mai suna Operation Safe Corridor ake kai tubabbu sansanin Malam Sidi a jihar Gombe, a yi musu wa'azi, a koya musu sana'a. Duk wanda ya ajiye bindiga da kansa, an rage zubar da jinin sojojinmu. Amma fa innata ta kwashe shekaru a sansanin gudun hijira, an kashe mijinta a gabanta, ko keken ɗinki ba ta samu ba. Sai kuma ta ji wanda ya ƙone garinsu an ba shi jari? Don Allah a ware wa waɗanda aka zalunta nasu kason.