Zafin Katsina ba ya busar da zanen fentin mai

Da yawa a Katsina sukan kai wa mai zane hoton mahaifinsu ana saura kwana 3 Sallah, su ce a zana shi da fentin mai. A tunaninsu, da an shanya a rana shi ke nan. Ba haka abin yake ba.

Fentin ruwa yana bushewa ne idan ruwan ya tsane. Shi kuwa fentin mai, da man linsid, wato man da ake tatsa daga 'ya'yan wani tsiro, ake kwaɓa shi, kuma man sai ya sha iska a hankali kafin ya daskare. Shafi mara kauri kan ɗauki kwanaki, mai kauri kuwa makonni. Fuskar mutum kuma ba shafi ɗaya ba ce: ana fara shimfiɗa inuwa, a jira, sannan a ɗora launin fata, kowane shafi ya fi na ƙasansa mai. In aka yi gaggawa, na sama ya riga na ƙasa bushewa, zanen ya tsattsage. Man ƙyalli na ƙarshe ma sai bayan wata 6 ko fiye ake shafa shi.

Lokacin hunturu kuma ga ƙura, wadda in ta manne a ɗanyen fenti fitar da ita aiki ne. Shi ya sa mai zanen yake rufe tagoginsa, ba don ɓoye sirri ba.